Ciyawar da Ke Riƙe Ganuwa

Ƙarfe bakwai na safe da 'yan mintuna Ikumi ta tsayar da a-kori-kurar mahaifinta a ƙofar Tanemaru, reshen wani babban kamfanin sayar da kayan noma, ta shiga da taɓo har gwiwa. Takalmin robarta na shiga gona ne ya tsage ana tsaka da dashen shinkafa, ga inji can a tsaye yana jiran ta. Shekara goma ke nan tana sayen kayan noma a wannan reshe, ko ido rufe ta san inda takalma suke: layi na uku, hannun dama.

A layi na uku, hannun dama, rigunan karnuka ta tarar. Har da mai hula.

"Kai! Mai koriyar riga! Zo nan!"

Wani dogon saurayi mai tabarau ya ajiye tukunyar furen da ke hannunsa ya taho da sauri. A ƙirjinsa an rubuta Kanemaki Wataru, mataimakin manaja.

"Ranki ya daɗe, me za a ba ki?"

Ta ɗago wata 'yar riga da yatsu biyu. "Wannan zan sa in shiga gona?"

Ya dubi rigar, ya dube ta. "Ina jin za ta yi miki kaɗan."

"Au, dariya ma na ba ka? Ina takalman dashe?"

"An mai da su baya, kusa da taki. Umarni ne daga hedkwata. Yanzu masu zuwa sun canza, yawanci..."

"Yawanci karnuka ne. Na gani."

Shi ya kai ta har bayan shagon, ya durƙusa ya zaro lambarta ba tare da ya tambaya ba. Da ya ɗago suka haɗa ido, ita ta riga shi kawar da kai. Ta biya ta fice ba godiya, sai ga shi ya biyo ta har mota.

"Watana ɗaya da zuwa daga birni," ya ce. "Ban san abin da manomi ke nema ba, kuma ba mai gaya min. Ke kaɗai kika yi min faɗa. In ba damuwa, ki riƙa yi."

Ta daɗe tana kallon sa kafin ta karanto masa lambar wayarta, kamar mai jifa da tsakuwa.

Gaskiyar Wataru ce, masu zuwa sun canza. Manoman kwarin sun tsufa, 'ya'yansu sun tafi, 'yan birni na sayen gidajen da suka zama kango suna shuka furanni. Su ke son tanti da abincin mage da safar hannu mai ado. Duk sati Ikumi sai ta sami abin faɗa, duk sati sai ya gyara abin da zai iya. Lauje ya dawo gaba. Ragar tsuntsaye ta iso kafin shinkafa ta fitar da kai, ba bayan tsuntsaye sun ƙoshi ba.

Kafin a yi girbi saƙonnin da suke tura wa juna a waya sun daina zama na lauje, har ya raɗa mata suna Tsawa.

"Tsawata, yau kwana uku ba ki zo kin yi min ihu ba. Shagon ya yi shiru kamar asibiti. Ko na yi daidai ne bisa kuskure?"

"Ɗan birni, kar ka ji daɗi. Ina yankan ciyawa ne. Ka ci abinci?"

"Na ci. Amma ba ya wucewa sai an harare ni."

Ranar da ya ce yana son ta, a bakin kogi ne suna cin dunƙulen shinkafar da ta yo. Ta ce masa bai da hankali. Sannan ta ce ya sake faɗa, ba ta ji da kyau ba.

Da hunturu ya yi, ƙanƙara ta rufe gonaki, ta kai shi gida. Mahaifinta, Hosogai Genzo, ya haura saba'in, kuma tun rasuwar matarsa ba shi da kowa sai ita. Bai taɓa shayin da ta zuba ba. Hannuwan Wataru kawai yake kallo.

"Kai ne mai sai da rigar kare?"

"Ina sai da taki ma, Baba."

"Kar ka ce min Baba. Irinku duk shekara uku ake ɗauke ku a kai wani gari, kamar tukunyar fure. Ka tafi da ita ina? Wa zai buɗe wa gonar nan ruwa? Mutumin da bai san ƙasa ba ba zai zauna a gidan nan ba."

Ikumi ta buga tire a ƙasa. "Baba, ni za a aura ko gonar?"

"Ku biyun," in ji tsohon, ya tashi ya ja ƙofa.

Haka aka shiga bazara, uba da 'ya suna aiki gefe da gefe ba mai cewa uffan.

A lokacin ne wata mata mai suna Chiharu ta ƙara wa wutar mai. Daga Tokyo ta zo, ta sayi tsohon gidan da bayansa ke manne da gonar Hosogai. Kullum tana Tanemaru da hular malafa da farin takalmi. Wata rana Ikumi ta tarar da Wataru yana loda mata kaya a but ɗin mota, tana dariya har da dafa masa kafaɗa. Ikumi ba ta ko kashe mota ba, ta juya. Sai ga saƙonsa ya shigo.

"Tsawata, na ga wucewarki. Aikina nake yi fa."

"Na ga aikin. Kafaɗar ma ta sayarwa ce?"

"Taki ce. Ba a sa mata farashi ba."

Wannan saƙon ta karanta shi ya fi sau biyar.

Ruwan watan Yuni ya sauko kwana huɗu ba ƙaƙƙautawa. Da safiyar na biyar Ikumi ta fita duba ruwa, ta tsaya cak. Ganuwar ƙasar da ke riƙe ruwan gonarsu, ta ɓangaren gidan Chiharu, ta zube. Ruwan ya tsere gaba ɗaya, ya ja taɓo ya binne yabanyar ɗaya gonar tasu da ke ƙasa. Inda ganuwar ta rage ciyawarta ta ƙone ƙurmus. Ikumi ta kama wata ta ja, ta taho ba ko gardama, saiwar ta ruɓe.

Ba yaron da ya tashi a kwarin nan da bai san wannan ba: ciyawar ganuwa yanke ta ake yi, in ma feshi ne sai mai ƙona ganye kawai, don saiwarta ce ke riƙe ƙasar.

Chiharu ta fito da lema, fuskarta ta yi fari. "Ni fa gyara na yi. Na ce ina son maganin da ciyawa ba za ta sake fitowa a bayan gidana ba. Kanemaki-san ne ya zaɓa min da kansa." Wataru take nufi, ta haɗa masa da "san" na girmamawa.

Genzo da ke tsaye a baya ya yi wata dariya marar daɗi. "Kin ji saurayin naki."

Da jiƙaƙƙun kaya Ikumi ta shiga Tanemaru, ta dire masa matacciyar ciyawar a kan kantar shagon, a gaban mutane.

"Ka tambaye ta me ke bayan gidan nata?"

Wataru ya dubi saiwar. "Ban tambaya ba."

"Shekara guda ina koya maka! Shekara guda ina faɗa da ubana a kanka, ina cewa kana koyo! Ashe hankalinka na kan dariyarta!"

"Ikumi, ba haka..."

"Kar ka kira sunana. Ka koma wajen karnukanka."

Saƙonsa ya shigo tana hanya. "Laifina ne, ba na kowa ba. Ba zan ce ki yafe ba tukuna. Gobe zan zo da shebur."

Ya zo. Ya ɗauki hutun sati guda, ya zo da buhunan yashi da shebur da sabon takalmi mai ƙyalli. Ba wanda ya amsa gaisuwarsa. Rana ta farko duk abin da ya ɗora ya sulale. Rana ta biyu tafin hannunsa ya fashe, ya naɗe da tsumma ya ci gaba. Ikumi tana can ƙasa tana tono yabanyar da za ta rayu, tana jin nishinsa, tana ƙin ɗagowa. Haushinsa take ji, tana kuma jin haushin kanta da take ƙirga sau nawa ya zame.

A rana ta uku Chiharu ta sauko da kwandon abinci da wani tsohon wando. Ta tsaya kusa da Ikumi tana murza hannu.

"Hosogai-san, ki yi haƙuri. Kuma don ki sani, ba abin da ke tsakanina da shi. Kullum zancenki yake min har na gaji." Ta ajiye kwandon. "Abu ɗaya ne ban gane ba. Ranar da zan yi feshin, mahaifinki na tsaye a nan. Na rusuna masa, na ɗaga masa jarkar maganin don ya gani ko daidai ne. Ya kalla, ya juya ya tafi. Sai na ɗauka ba matsala."

Ikumi ta miƙe a hankali. Ta haura kan ganuwa inda tsohon ke zaune yana wasa lauje.

"Baba, ka ga jarkar?"

Dutsen washin ya tsaya. "Ban karanta ba. Ba tabarau a jikina."

"Ka ga mace da abin feshi a kan ganuwarka, ka wuce?"

"Ni zan je ina koya wa baƙuwa? Ita ta zo ta same mu. Ita ya kamata ta tambaya."

"Ta tambaya! Da hannunta ta ɗaga maka!" Muryar Ikumi ta cika kwarin. "Shekara ɗaya matar nan tana gaishe ka kana yi kamar iska ce ta wuce. Kuna zaune kuna cewa baƙi ba su san ƙasa ba, wa ya buɗe baki ya gaya musu? Kalma uku, Baba! 'Kar ki fesa.' Sai ka bar Wataru ya ɗauki laifin shi kaɗai kwana uku, kana kallon hannunsa na jini, don ya zo maka daidai!"

Wataru ya taho da gudu yana santsi. "Ikumi, ki bari. Ni na sai da maganin."

"Kai ma yi min shiru, ban gama da kai ba!"

 

Genzo ya ajiye laujen. Ya sauko cikin taɓon da kyar, ya fizge shebur daga hannun Wataru ya yar gefe, ya miƙa masa fartanyarsa.

"Da shebur ake shafe ganuwa? Wane jakin ne ya koya maka? Jiƙa ƙasar tukuna. Ɗebo. A'a! Da bayan fartanyar za ka danna, ka ja kamar kana shafa wa ɗaki siminti. Ke kuma," ya juya ga Chiharu ba tare da ya kalle ta sosai ba, "cire wannan takalmin, zo ki tattaka nan."

Kwana huɗu yana zagin su, kwana huɗu ganuwar na tashi. Ranar da aka sake buɗe ruwa ya tsaya cif, bai yoyo ko ta ina. Tsohon ya zagaya sau biyu yana danna ƙasar da diddige.

"Yaushe za su ɗauke ka?" ya tambaya, yana kallon ruwan.

"Ba za su ɗauke ni ba. Tun watan Maris na cike takardar zama a reshen nan dindindin. Ba zan taɓa zama manaja ba ke nan."

Ikumi ta juyo. "Tun Maris? Ba ka gaya min ba?"

"Na ji tsoron za ki ce ba ni da hankali."

"Ba ka da shi!" Sai hawaye. Ta goge da bayan hannu, ta shafa wa fuskarta taɓo.

Da yamma saƙonta ya riga nasa zuwa. "Ɗan birnina, ka jiƙa hannun a ruwan ɗumi. Har yanzu ina fushi. Gobe ka zo cin abinci, Baba ya ce a dafa da kai."

A Tanemaru yanzu ba a miƙa wa kowa maganin ciyawa sai an tambaye shi gonar wa yake maƙwabtaka da ita. Rigunan karnuka suna nan a layi na uku, kuma suna tafiya.

Gonar ƙasa ba ta ba da ko rabin abin da ta saba ba a wannan shekara. Da abin da ta bayar aka dafa shinkafar biki a watan Oktoba, bayan an ɗaura auren a ɗan wurin ibadar ƙauyen. Chiharu ce ta yi furannin. Da aka ce uban amarya ya yi magana, Genzo ya miƙe cikin baƙar rigar da ta yi masa yawa, ya daɗe yana kallon tabarma.

"Yarinyar nan faɗa gare ta," ya ce. "Uwarta ma haka take, shekara arba'in ban taɓa cin gardama ba, kuma ban taɓa kwana da yunwa ba. Wataru."

"Na'am, Hosogai-san."

"Wane ne Hosogai-san? Ka ce Baba." Ya share maƙogwaro. "Na ba ka su, ita da gonar. Ku tsufa tare, ku ga jikoki. In ta yi maka ihu, ka saurara, yawanci tana da gaskiya."

Ikumi ta sunkuyar da kai cikin farar lulluɓinta, ta laluɓo hannun mijinta ta ƙarƙashin tebur ta riƙe gam. Allah ya bar su tare.