Wata Huɗun Da Dalluka Ta Yi Shiru

Mawahib tana durƙushe tana shafa ƙullin kisra a kan kasko, a bakin ajin da ya zama ɗakinsu tun da yaƙi ya koro mu daga Wad Madani zuwa wannan makarantar ta Gadarif, sai ga saurayinta Mujtaba fuska a murtuke.

"Lafiya? Ko cajin wayarka ne ya sake mutuwa?" ta tambaye shi tana dariya.

"Na yi wa Baba maganarmu," ya ce, yana kallon ƙasa. "Wai ɗan Haj Dafalla ba zai auri mawaƙiyar biki ba. Ko za a duba maganar, sai kin ajiye dalluka."

Kisrar da ke kan wuta ta ƙone, ba ta ma sani ba.

Dallukar nan, gangar yumɓu ce ta marigayiya mahaifiyarta. Ranar da muka gudo, kowa na rarumar katifa da tukunya, ita kuwa ganga ta goyo a baya kamar jaririya. Mun yi mata tsiya a hanya, ni ma ina ciki. Amma da muka zauna babu gida babu labarin 'yan uwa, wannan gangar ce take tara mu duk Alhamis da la'asar a gindin darbejiya, mu yi waƙa, mu yi kuka, mu tashi da sauƙin zuciya.

Kwana biyu Mawahib ta yi tana hawaye. A na uku ta yafa mayafi ta sami Haj Dafalla yana shan kofi.

"Kawu, na ji saƙonka. Na yi alkawari, hannuna ba zai ƙara taɓa dalluka ba sai da izininka."

"To, mu gani," in ji shi, ko ɗagowa bai yi ba.

Wata huɗu muna gani. Alhamis ta zama kamar kowace rana. Mujtaba ya rame, ya ce su gudu Kassala a ɗaura musu a can.

"Gudu kuma? Wanda muka yi bai ishe ka ba?" ta ce. "Ni dai ba zan shiga gidanku ta taga ba."

Sai ga auren Tahani, 'yar autar Haj Dafalla. Kayan jirtik, wankan amarcinmu da ba a aure sai da shi, aji-aji muka bi muka harhaɗa: wannan ta ba da jan zane, waccan duwatsun wuya, wata garin sandal da ta ƙulle a bakin mayafi tun daga gida. Kiɗa kuwa, Haj ya ce an ci gaba, ya aro wata ƙatuwar sifika.

Ranar biki kwana uku ke nan babu wuta. Sifika ta yi tari biyu ta mutu. Wata ta jawo jarkar ruwa ta hau duka, ka rantse ƙofar banɗaki ake bugawa. Amarya na zaune cikin jan zane, sai ta fashe da kuka.

"Yumma, uwata! An raba mu da gida na yi haƙuri. Yanzu aurena ma na gudun hijira ne?"

Hajja Batul, uwar amarya, ta ruga ajin su Mawahib.

"'Yata, ki rufa mana asiri, ɗauko dallukar!"

"Wallahi ina so, Khala. Amma Kawu na yi wa alkawari, shi kaɗai zai warware."

Hajja Batul ta koma. Abin da ta gaya wa mijinta ban ji ba, amma na ga fitowarsa, rawani a karkace. Ya tsaya a ƙofar ajin ya yi gyaran murya sau uku.

"Mawahib... 'yar uwarki tana kuka. Na ba ki izini."

"Na gode, Kawu. Sai dai fatar ta saki, sai ta sha wuta."

Dattijon da ko kofin kansa ba ya ɗaukewa, shi ya tsuguna gaban gawayi da mafici a hannu, tana juya ganga yana fifitawa, har fata ta ɗaure.

Dukan farko, guɗa ta tashi. Mawahib ta fara da kirarin amarya, daga nan ta zarce tana kiran unguwanninmu ɗaya bayan ɗaya, da bakin kogi, da layin masu kifi, da sunayen maƙwabtan da har yau ba mu san inda suke ba. Duk wanda ta ambata, sai wani ya amsa daga cikin taro. Tahani ta miƙe tana rawa, hawaye da dariya a haɗe.

Sai Haj Dafalla ya keta tsakiyar mata, sanda a sama, gemu jiƙe da hawaye. Ya kaɗa yatsu a saman kan Mawahib, yadda mazanmu ke girmama wanda ya taɓa musu zuciya.

"Abshiri, albishirinki, 'yata! Ni na ɗauka ba ni da sauran gida, ashe ke kika goyo mana shi. Mujtaba! Ran Juma'a ka kira mini liman!"

Mujtaba ya rasa abin yi, ya rungume bishiyar darbejiya.

An ɗaura ranar Juma'ar. Har yau muna cikin makarantar, kuma mun gode wa Allah da ya ba mu yarinyar da ta riƙe gadon uwarta, ta kuma riƙe alkawarinta. Ku 'yan mata, da ta yi fushi ta gudu, ko ta karya magana ranar da aka matsa mata, da ta samu miji ta rasa uba. Ku kuma iyaye, kada ku raina sana'ar da ke share wa jama'a hawaye, domin wata rana 'yarku ce za ta yi kukan.