Tudun da Ba a Gani a Titin Masaƙa

An ɗauke wuta bayan isha'i, muka taru a tabarmar ƙofar ɗakin Inna. Yaya Sallau, ɗan baffanmu, ya rage hasken fitila.

"Ku matso," in ji shi. "Kai Iro, ajiye wayar nan. Wanda ya san zai yi fitsarin kwance ya tashi tun yanzu."

Ba wanda ya tashi. Ga labarin da ya ba mu, da bakinsa.

Kun san titin Masaƙa. Gidaje a gabas, Islamiyya a yamma, titi a tsakiya. Lokacin da aka zuba masa sabuwar kwalta ina tuƙa hayis. Titin ya yi daɗi har ƙafa kan danna totur da kanta. Tamanin muke takawa, wani lokaci casa'in, a tsakiyar gidajen mutane.

Mutanen unguwa suka yi ta kai kuka. Aka zo aka kafa allo, an rubuta talatin. Akuyar mai shayi kaɗai ta amfana da allon nan, don a jikinsa ake ɗaure ta. Da suka gaji, sai suka haɗa hannu suka gina tudun rage gudu guda uku da siminti.

Mu direbobi muka ji haushi. Salansa na gogar ƙasa, fasinja na tsaki, sawu ya ragu. Wata rana bayan sallar asuba, ni da wasu mutum biyu muka ɗauki diga muka farfasa su. Ni na fasa na tsakiya, na gaban Islamiyya. Har dariya nake yi. Na faɗa muku ne don ku san ba mutumin kirki ne ya shiga labarin nan ba.

Washegari da la'asar na taho a guje. Daidai gaban Islamiyya motar ta yi tsalle. Kan wani fasinja ya bugi rufi. Na tsaya, na fito, na duba. Kwalta sumul. Ba dutse, ba rami.

Kashegari ma haka. Da safe babu komai. Da azahar babu komai. Amma da zarar an yi la'asar, lokacin da yara ke tsallakawa makaranta, sai ka ji ka hau wani abu. Ba tauri irin na siminti ba. Laushi gare shi.

Sauran direbobi duk sun ji. Ba wanda ya yi wa ɗan'uwansa zancen, amma kowa ya fara taka birki a wurin. Ni kuwa taurin kai ya hana ni. Kullum a guje nake hawa, ina zagi.

Rannan, rana ta take tsaka, titi ba kowa, har masu faci sun shige inuwa. Motata fayau, kwandasta ya tafi cin abinci. Sai na hangi wata mata a bakin titi ta ɗaga hannu. A duƙe take, ta lulluɓa da baƙin mayafi.

Na tsaya. Ta buɗe ƙofar gaba. Ban ji motar ta motsa ba da ta shiga, alhali ko yaro ya hau sai hayis ɗin nan ta yi ƙara. Ba ta zauna ba. Durƙusawa ta yi a kan kujera, ta rungume makarin, bayanta na kallon gilashi.

"Ina zuwa, Baba?"

"Gidan mai ɗori."

Tana gefena. Amma muryar daga ƙarƙashin mota ta fito, wajen tayoyi.

Na yi bisimilla a zuci, na ja. Wani wari ya cika motar, warin roba mai zafi.

"Sannu-sannu, ɗan nan," in ji ta. "Yau dai ka yi sannu."

Na saci kallon bayanta. Mayafin ya yi fari-fari da ƙura, kuma a jikin ƙurar akwai zane, layi a kan layi. Shekara goma sha ɗaya ina tuƙi, na san sawun taya in na gan shi.

Ta kai hannu baya ta taɓa wani layi mai faɗi, wanda ba shi da zane ko kaɗan.

"Wannan naka ne. Ta baya, ta hagu. Ta suɗe. Ta fi kowace zafi."

Wallahi ranar da safe na gama cewa sai na sake tayar nan.

Na ce, "Baba, wace ce ke?"

"Maƙwabciyarku. Muna nan tun ba a yi unguwar ba." Ta numfasa da ƙyar. "Yarana bakwai suna karatu a Islamiyyar nan tare da naku. Tare suke tsallakawa. Mota ba ta bambanta naku da nawa."

Na ƙara rage gudu.

"Da ka fasa tudun, na rasa yadda zan yi. Sai na kwanta a wurin. Kwana ashirin da uku ke nan."

Kunya ta kama ni fiye da tsoro. Na ce ta yafe mini. Sai kawai ta nuna gefen titi.

"Tsaya nan."

Wani kango ne, ba rufi, ba ƙofa. Ta sauka. Kafin ta shige, muryar ta sake tasowa daga ƙarƙashin motar.

"Bayana ya ƙare. Yau ba zan iya kwanciya ba. Na faɗa maka, tunda kai ka riƙe digar."

Na duba agogo. Ƙarfe biyu saura. Ƙarfe huɗu yara za su fito, su fi ɗari, wasu ko wando ba su iya ɗaurewa ba. Kuma na san abin da zai faru: direban farko da ya wuce bai ji tudu ba, shi ke nan, kowa zai saki birki.

Na ruga gidan mai unguwa, aka ce ya tafi ta'aziyya ƙauye. Na je tasha, na ce a gaya wa kowa ya rage gudu a Masaƙa yau. Shugabanmu ya kalle ni.

"Kai da ka fasa? Sallau, me ka sha?"

Aka yi mini dariya. Na je wurin wani magini, ya ce ko an zuba siminti yanzu ba zai kama ba sai gobe. Ina nan ina zarya aka kira la'asar.

Na koma na gindaya motata a hannu ɗaya na titin. Ɗaya hannun ya rage a buɗe. Na ɗauki jan tsumman goge gilashi na tsaya a tsakiya. Yara suka fara fitowa daga lunguna, da allunansu da jakunkunansu. Ƙananan motoci suna zagina suna ragewa.

Sai ga tifa ta yashi. Tun daga nesa na ji kukanta, na san a lodi take, na san kuma a guje take. Yara sun riga sun sako ƙafa a kwalta. Na ɗaga tsumma, na yi ihu. Direban bai rage ba, hon kawai yake dannawa.

Ni direba ne, na san abin da ke ransa. Mutumin da ke tsaye, kana sa rai zai kauce. Wanda ke kwance ba zai kauce ba.

Sai na kwanta.

Kwaltar tana ƙuna. Na ji ƙarar birki, na ji ƙasa na rawa a ƙirjina. Tifar ta karkace ta bugi bakin kwalbati. Tayar baya ta bi ta kan ƙafata ta dama.

Ban suma nan take ba. Kuncina na ƙasa, ƙafafun yara kawai nake gani suna gudu suna wucewa. A cikinsu akwai waɗanda ba sa taɓa kwalta. Ba yaron da ko ƙwarzane ya samu.

Yaya Sallau ya miƙe ƙafarsa ta dama. Ya janye bakin wandonsa, hasken fitila ya sauka a kan rabin tafin ƙafar da muka saba gani ba mu taɓa tambaya ba. Iro ya matso jikina.

"Cikin mako guda aka zo aka gina tudu biyar," in ji Yaya Sallau. "Jinin mutum suka gani. Ita ta yi kwana ashirin da uku, ba wanda ya gani."

"Ta warke?" in ji ƙanwata Dije, da ƙaramar murya.

"Da na fito daga asibiti na je kangon. Na yi sallama sau uku. Ba a amsa ba." Ya shafa fuskarsa. "Kun san kullum da la'asar ina tsallakar da 'yan Islamiyya. In an tashi, kowane yaro ana zuwa ɗaukarsa, ko ya bi yayyensa. Amma sai in ji ƙananan hannuwa masu sanyi sun riƙe mini gefen riga. Ba na duba su. Ina raka su har ƙofar kangon nan, su sake ni ɗaya bayan ɗaya. Shekara biyu ke nan, ba wanda ya taɓa fitowa ya tarye su."

Ya kashe fitilar.

"Kada wanda ya ƙara tsallaka titin nan shi kaɗai. Ku jira ni. Wadda take kwanciya dominku ba ta nan."