Saura Warƙa Uku

A jami'a an koya mana cewa littafin da ya shekara ashirin ba wanda ya are shi, a sauke shi daga kanta. Shi ya sa na tsaya bayan isha'i a maktabar da nake aiki a Gadarif, ina cika kwali da irinsu.

Ruwan damina ya tsuge, wutar kahraba ta ɗauke, na kunna fanus, 'yar fitilarmu ta kananzir. Sai na ji ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ba daga taga ba, daga bayana.

"Ya waladi, mayar da wannan."

Wani tsoho ne cikin farar jallabiya, yana nuna wani koren littafi a kwalin. Muryarsa kamar daga cikin tulu take fitowa.

"Baba, an rufe," na ce. "Kuma shekara talatin ba wanda ya taɓa shi."

"Ni nake karanta shi kullum. Saura warƙa uku."

Na buɗe littafin. Karan riɗi ne a tsakanin shafukan, ɗanye shar, har da furensa. Na sunkuyar da kai. Laka ba ta barin ƙafar kowa a Gadarif in an yi ruwa, amma nasa ƙafafun tas suke. Ƙofar kuwa ni da hannuna na sa mata sakata.

"Idanun ne suka gaza," ya ce. "Zauna ka ƙarasa mini."

Ya matso kusa da fanus. Ramukan idanunsa cike suke da baƙar laka, tana ɗiga a kan shafin.