Shuɗin Akwati

"Kalle ni ka ce ba kai ba ne!"

Bai kalle ta ba. Ya duƙufa yana goge tankin babur ɗinsa, tankin da tun ɗazu yake sheƙi.

"Haba zuciyata, sassauta murya mana..."

"Kar ka ƙara ce mini zuciyarka! Kai ka gaya wa Yaya Babba?"

Matan ƙauyen ne da kansu suka zaɓe ta aka tura ta koyon aikin lafiya, don kowa ya shaide ta da riƙe sirri. Tun da ta dawo suke kiranta Likita, rabi wasa rabi gaske. Mijinta kuwa babu wanda ya kai shi murna. Shi ke goya ta a babur zuwa ƙauyukan da mota ba ta shiga, ya jira ta a gindin bishiya yana gadin kayanta. Har gori take yi wa ƙawayenta da shi. Kai, so bai yi mata adalci ba!

Ashe yana zaune ne idonsa na aiki. Ya lura in awon ciki ne ko duba yara, babbar jaka take shiga da ita. In kuwa ta ce, "Miƙo mini shuɗin akwatin nan," to allurar tazarar haihuwa ce. Ran nan sai ta nemi akwatin a ƙofar gidan yayansa.

"Ɗan'uwana ne fa," ya ce ƙasa-ƙasa. "Uwa ɗaya uba ɗaya. In zuba ido ana yi masa abu a ɓoye?"

"Ana yi masa? A gabanka jini ya kusa kashe matarsa Anti a haihuwar bara! A gabanka aka ce wani cikin yanzu zai iya zama ajalinta. Sau nawa ta roƙe shi ya toshe kunne?"

"Wallahi ban zaci zai kore ta ba. Na ɗauka faɗa kawai zai yi..."

"Ya kore ta, ya riƙe yaran! Ka leƙa bencin ɗakin magani yau? Ko mace ɗaya babu. Kowa cewa yake Likita na kwashe sirrin mata tana kai wa mijinta."

Wannan ya fi komai ƙona mata rai. Ba ta taɓa furta masa maganar kowa ba, ko a ranakun da hira ta yi daɗi. Akwati kawai ta ba shi riƙo, don duk duniya shi ta fi yarda da shi.

Ta rataya jaka, ta sunkuci akwatin. Lokacin allurar Anti ta gaba ya yi, korar ma ai ana iya sasantawa. Da sauri mijin ya tayar da babur.

"Hau in kai ki. Garin su Anti da nisa, ga rana."

"Kashe shi."

"Don Allah masoyiyata..."

"Ina sonka, shi ya sa abin ke cin raina. Amma ni da babur ɗin nan har abada!"

Da ƙafa ta tafi, tana tafe tana share hawaye da bakin mayafi.

Ta tarar da Anti a tsakar gidan iyayenta, zaune a tabarma, idanu sun kumbura. Ta durƙusa gabanta.

"Anti, na rantse bakina bai..."

Anti ta kalli ƙofa, ta kasa kunne ko za ta ji ƙarar babur. Sannan ta dubi ƙafafun Likita da suka yi bororo.

"Ke kaɗai ce?"

"Ni kaɗai."

"Na san ba ke ba ce, ƙanwata."

Likita ta fara buɗe akwatin. Anti ta dafa murfin ta mayar da shi.

"Bar shi. Ya aiko da sakin tun da safe." Ta riƙo hannun Likita. "In kin koma dai ki duba mini autana... Na baro shi yana tari."