Ruwan Zafi a Manwar

A unguwar Faisal ta Alƙahira, inda gine-gine suka cunkushe har rana ba ta isa ƙasa, akwai wani Bakatsine mai suna Nata'ala, da matarsa Nana Khadija da 'yarsu Israa. A hawa na biyar suke, ko na shida, abin ya soma kwance mini. Karatun digiri na uku yake yi a kan yadda iska da ruwa ke tafiya cikin gari mai cunkoso. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne manwar, dogon ramin nan da Misirawa ke bari a tsakiyar gini don shan iska, inda bututun ruwa ke bi su sauka. Ya cika manwar ɗin gininsu da zarurruka da 'yan na'urori, yana auna motsin iskar.

Ya lura gab da magariba iskar kan juya ta yi sama. Yana zaton ɗumin ruwan da ke bin bututu ne ke ɗaga ta. Wata ranar Laraba ya tafasa tukunya guda, ya barbaɗa jan rini, ya nufi magudanar kicin daidai lokacin da ladan ya ɗaga murya.

"Baban Israa, ruwan zafi da magariba?" in ji Nana Khadija. "Ka bari a idar da salla. Ko bisimilla ka yi."

"Yanzu take juyawa. In na jira ta wuce."

Ya tuttule ruwan, idonsa a kan na'ura, bakinsa a rufe.

Zarurrukan suka tsaya cak. Hayaniyar motocin titi ma kamar an toshe ta. Can cikin bututu, ƙasa sosai, suka ji kukan jariri.

Washegari da magariba aka fara jifan tagar kicin da tsakuwa, daga cikin manwar, inda ba wurin da mutum zai taka. Tsakuwar jiƙe take, da ja-ja a jikinta. Kukan ya hau bututu, kullum yana ƙara matsowa. Da yammacin Juma'a suka tarar da Israa tsaye gaban tagar, hannunta na hagu ya yi bororo kamar ƙuna, alhali ba ta je kusa da wuta ba. Uwar ta kira sunanta. Ta waiwayo a hankali, ta amsa da muryar tsohuwa.

Aka ɗauko Malam Bakri, wani dattijo Bahaushen Sudan. Na san shi, mun taɓa zama a zaure ɗaya, ko da yake fuskarsa ta ɓace mini yanzu. Ya zauna a tabarma, ya daɗe yana karatu, har duhu ya cika ɗakin ba wanda ya tashi ya kunna fitila.

"Wace ce ke?" ya tambaya.

"Mai wurin," in ji muryar. "Nan gona ce a da, muna bakin korama. Mutane suka binne koramar, muka koma bututu. Suka toshe ko'ina, manwar kaɗai ta rage mana hanya. Uban yarinyar nan ya cika ta da zare da ƙarfe, 'ya'yana na sarƙewa, na yi shiru. Sai ya ƙona mini autana."

"Bai sani ba," in ji Malam Bakri.

"Matarsa ta gaya masa."

Nata'ala ya sunkuyar da kai.

"Ɗa a bakin ɗa," ta ce. "Da wannan zan tafi."

"Yarinya ba ta zuba miki komai ba. Ki ji tsoron Allah." Malam Bakri ya koma karatu da ƙarfi. Jikin Israa ya sanƙare, bututun bango ya ɗauki rawa.

Muryar ta ce, "Khalas, ya isa, tsaya. A yanka mini baƙin zakara."

"Ba za a yanka miki komai ba. Faɗi abin da ke haƙƙinki."

Ta ce, "Ya kwashe tarkacensa, kada ya ƙara auna hanyarmu. Kullum da magariba ya zuba ruwan sanyi, da sunan Allah, har ƙunar ɗana ta warke."

"Malam," in ji Nata'ala, "karatuna duka yana rataye a ramin nan."

Nana Khadija ta ɗaga masa hannun yarinyar. Ya miƙe, ya buɗe tagar, ya riƙa fizgo wayoyi da zarurruka yana zubarwa a ƙasa. Zare ɗaya ya rage can nesa, hannunsa bai kai ba. Israa ta yi atishawa, ta zube jikin uwarta, ta ce da muryarta, "Mama, ƙishirwa."

Malaminsa na jami'a bai gane dalilin da ya sa ya watsar da aikin ya soma sabo ba, shi ma bai yi bayani ba. Kullum da magariba ya yi bisimilla ya zuba ruwan sanyi. Kukan ya riƙa raguwa, ƙunar Israa na bushewa.

Wata magariba ya zo da butarsa, ya tarar da zaren nan da ya gagare shi a bakin taga, an naɗe shi tsaf, yana ɗigar ruwa. Ya kira Israa, ya duba hannunta. Babu ko tabo.