Fuka da Tarin Fuka

"Matso mana, Yusha'u! Ko kare ne a ɗaure a zauren namu?"

Bai matso ba. Yana can jikin Besfarsa a bakin ƙofa, sai murza hankici yake yi.

"Hansai, abar ƙaunata... Hajiya ce ta ce in ɗan dakata. Wai kina da tarin fuka."

"Ni? Wane maƙaryacin ne ya faɗa?"

"Ladidi ce ta ji a asibiti."

Ladidi! 'Yar ƙanwar babansa, wadda tun ranar da aka kai kuɗin gaisuwata take kallona kamar na ci mata abinci. Ranar da numfashina ya sarƙe ina hura wuta, Baba ya bar motarsa a tashar Kawo ya ruga da ni asibiti, ita kuma tana kan bencin da ke bayanmu ta zo karɓar magani. Likita Ba'indiye ne, Malam Shu'aibu ma'aikacin asibiti ke mana tafinta. Da kunnena na ji ya ce ana zaton fuka ce, wadda su suke kira asma. An ɗauki hoton ƙirjina, aka karɓi kakina, aka ce mu dawo gwajin numfashi.

Fuka kawai ya ce. Kafin maganar ta isa gidan su Yusha'u a Kinkinau, munafukar ta liƙa mata "tari" a gaba, ta zama cutar da ake ware wa mutum kwano. Aurena da ya rage wata guda sai ga shi yana lilo.

"Kai ma ka yarda?"

"Ba yarda na yi ba, ruhina, amma..."

"Amma me? Ranar Litinin ka zo asibitin, ka taho da Hajiyar!"

Suka zo kuwa. Hajiya Yalwa ta tsaya bakin taga ta ja mayafi ta toshe hanci, shi kuma ɗan nata yana raɓe kusa da ni kamar wanda aka aiko dole. Gwaggo Mero, yayar Babana, ita ta rako ni, sai harararsu take yi.

Malam Shu'aibu ya jawo wani akwati mai dogon tiyo, ya matse mini hanci da wani ɗan maƙali.

"Ki cika ƙirjinki taf, ki busa da ƙarfi, kada ki tsaya sai na ce."

Na busa. Wata allura ta ja layi a jikin takarda, ta tashi a sanyaye.

"Ƙara! Ƙara! Kada ki saki!"

Na tattaro duk baƙin cikin da ke raina na zuba a tiyon nan. Ina sakinsa ɗakin ya juya, ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, tari ya turnuƙe ni. Na miƙa hannu wajen Yusha'u.

Ya ja baya.

Wallahi ya ja baya, har da tattare bakin rigarsa!

Gwaggo ce ta tare ni, tsohuwa mai ciwon gwiwa. Ta sa gefen zanenta ta goge mini baki.

Aka fesa mini magani a baki, aka ce in huta. Da na sake busawa sai allurar ta yi sama a guje. Likita ya ɗaga hoton ƙirjina wajen haske ya yi magana, Malam Shu'aibu ya juya mana.

"Hanyoyin iskar ne ke tsukewa, kun ga da magani sun buɗe. Hoto fes, kaki babu ƙwayar cuta. Fuka ce, Hajiya, ba tarin fuka ba. Ba a ɗauka. Ta kiyayi hayaƙi, ta riƙa yawo da maganinta."

Hajiya ta sauke mayafi. "Ikon Allah! Ai dama na ce yarinyar nan ba ta yi kama da masu shi ba. Ladidi za ta gamu da ni."

Sai ga Yusha'u a gabana, bakinsa har kunne.

"Alhamdulillahi! Hasken idona, kin ji ko? Zo in kai ki gida a Besfa."

Na dube shi. Son da nake masa yana nan daram, shi ne ma abin da ya fi ƙona mini rai.

"Da likita ya ce tarin ne fa?"

"Haba Hansai, ai bai ce ba..."

"Na tambaye ka. Da ya ce?"

Ya buɗe baki, ya dubi Hajiya.

Gwaggo ta raɗa mini, "Ɗiyata, ki yi haƙuri, tsoro ne. Kowa na jin shi."

"Ke ba ki ji ba, Gwaggo."

Na gyara gyalena, hawaye na zuba, ban damu in share ba.

"Yusha'u, wannan ciwon ba warkewa zai yi ba. Zai sake kama ni, wata rana ni kaɗai da mijina a ɗaki, ba Gwaggo, ba Baba. Na riga na ga abin da za ka yi. Ka turo a karɓi kayanku."

"Hansai! Don Allah, Hansai!"

Na kama hannun Gwaggo muka fita neman motar Kawo.