Lefen Zulfa da Fom ɗin Khalifa

Zulfa na yanka alayyahu a tsakar gidansu da ke unguwar Sarkin Dawaki, sai ga sallamar Dada, mahaifiyar Suhail. Saura wata biyu bikin Zulfa da Suhail, lefe kuwa ko akwati ɗaya ba a haɗa ba.

Bayan gaisuwa Dada ta matso, ta rage murya. "'Yata, an ce a bankinku ke ce mai sa hannu a bashin karatun ɗalibai. Ki cika wa Khalifa fom, a ce yana jami'a. Kuɗin na fitowa mu haɗa lefe. Ai naki ne."

Khalifa, ƙanin Suhail, shekararsa uku da ajiye biro yana jan Keke Napep.

Zulfa ta sunkuyar da kai. "Dada, ki gafarce ni. Makaranta muke biya kai tsaye. Kuma da ƙyar manaja ya yarda da shirin nan, ya ce ɗalibi ba shi da jingina sai alƙawari. Fom ɗin ƙarya ɗaya aka kama, an rufe ke nan — yara arba'in ne a ciki."

"To, ki auri bankin!" Dada ta figi mayafinta.

Washegari aka aiko cewa an ɗaga biki, ba rana. Zulfa ta yi kuka har idanunta suka kumbura. Suhail ya zo ya tsaya a zaure. "Na ji kunya, Zulfa, amma ba ke kika ba ni ba. Ki jira ni."

Ta jira shekara guda cur, ƙawaye na mata ba'a wai ta zaɓi fayil ta bar miji.

Ashe maganar ta shiga kunnen Khalifa, ya zauna jarrabawar shiga jami'a ba wanda ya sani. Wata Litinin Zulfa ta ɗago kai daga teburinta, ta ga Dada a layi, riƙe da takardar shigar Khalifa jami'a ta gaske.

"Shirin yana nan?" Dada ta tambaya.

"Yana nan, Dada."

Dada ta dangwala yatsa a gurbin mai tsaya wa ɗalibi. "Da kin bi tawa, yau da ƙofar nan a rufe zan same ta."

Da aka sake sa rana, akwatin lefe biyu kacal aka kawo, daga gumin Suhail, Dada da kanta ta buɗe su tana guɗa. Amanar da Zulfa ta riƙe wa 'ya'yan wasu, ita ce ta kai ɗan gidan mijinta makaranta.